DARASI: Kuɗin Gwamnati Da 'Yan Agaji Na Sa Kai, Ina Rabon Zango Da Ƙauyukan Hanya?

  

Darasinmu na wannan fitowa ba a kan farashin sa ko canjin sefa yake ba. A kan mutanen nan ne da ke rugowa idan wuta ta tashi, ko ruwa ya ci unguwa, ko mota ta kife, alhali ba wanda ya ɗauke su aiki. Su ne 'yan agaji na sa kai. Za mu duba abu uku: wace doka ce ta san da su a Gana, ta wace ƙofa kuɗin gwamnati ya kamata ya iso gare su, kuma mene ne namu a ciki mu 'yan kasuwar shanu.

Abin da ya sa na ɗauko zancen shi ne wannan. Wata shekara da rani muna saukowa daga arewa da lodin shanu, cikin dare taya ta fashe, mota ta kwanta a gefen hanya kusa da wani ɗan ƙauye. Yaron motarmu ya maƙale, ƙafarsa a ƙarƙashin katako. Kafin mu gama salati mutanen ƙauyen sun fito da adduna da igiyoyi da fitilun hannu. Su suka sare katakon, su suka ciro yaron, su suka taya mu kamo shanun da suka shiga daji. Da gari ya waye na tambayi babbansu ko su wane ne. Ya ce su ne 'yan sa kai na kashe wutar daji, an koya masu aiki, amma takalman da aka ba su sun daɗe da mutuwa. Na duba ƙafarsa, silifas ne. Na ba shi abin da ya sawwaƙa, amma har yau abin yana ci mini rai, domin ranar da ba su fito ba, da gawa za mu kai wa uwar yaron nan.

NA FARKO: UNGUWAR DA MAI SHANU YA KAFA

Ya kamata yaranmu su sani cewa Nima ɗan sana'armu ne ya kafa ta. Malam Amadu Futa, malami kuma mai fataucin shanu, shi ya nemi wurin daga gidan Odoi Kwao na Gawa a farkon shekarun 1930, ya mai da shi masaukin baƙi da dabbobi. A lokacin wurin yana bayan garin Ankara ne, ba ya cikin tsarin hukumar gari. Mutane suka yi ta zuwa daga arewa, da ƙasar Hausa, da Zabarma, da Moshi, kowa ya kafa ɗakinsa inda mai gida ya nuna masa. Haka Maamobi ta tashi a tsallaken rafi.

To, wannan tarihi shi ne tushen matsalarmu ta yau. Unguwar da aka gina ba a fitar da layi ba, lungunanta ba su ɗaukar mota. Akwai inda mutum biyu ba su iya gittawa sai ɗaya ya karkata. Idan wuta ta kama a tsakiyar Nima, motar kwana-kwana a bakin titi za ta tsaya. Idan mace ta kasa haihuwa, a kafaɗa ko a kan benci za a fito da ita. Saboda haka mai isa farko kullum maƙwabci ne. Haka abin yake a ƙauyen hanya, sai dai can nisa ne ya hana, mu nan ƙunci ne. Ciwon ɗaya ne.

Kuma aikin sa kai ba baƙo ba ne a wurinmu. Tun a ƙarshen shekarun 1960 ɗaliban jami'a da mutanen unguwa suka haɗu a ƙarƙashin Operation Help Nima don neman ruwa da tsafta da hanya. Kafin su, kuma bayansu, akwai gayyar share kwata, da 'yan sintirin dare, da masu gyaran maƙabarta, da 'yan agajin masallatai masu tsare sahu ranar Idi. Abin da ya yi ƙaranci shi ne kayan aiki da horo da kuɗi mai ɗorewa.

NA BIYU: MASIFU UKU DA DOKOKIN DA SUKA HAIFA

Wanda ya lura zai ga cewa kusan kowace hukumar agaji a Gana bayan kuka aka haife ta.

Ta farko, shekarar 1983. Ina yaro a lokacin, amma ban manta layin kenke ba. Fari ya yi tsanani, wutar daji ta cinye gonakin koko da na abinci a faɗin ƙasa, ga kuma 'yan Gana kusan miliyan ɗaya da aka koro daga Nijeriya a farkon shekarar. Hukumar kashe gobara ta ƙasa tana nan tun 1963, amma a birane take, ba ta isa daji. Gwamnatin Rawlings ta yi dokar hana ƙona daji a 1983, sannan a 1990 ta maye gurbinta da doka mai lamba 229 ta mulkin soja. Wannan dokar ita ce ta ce a kafa rundunar 'yan sa kai ta kashe wuta a garuruwa da ƙauyuka, hukumar kwana-kwana ta horar da su, majalisun gundumomi kuma su kafa kwamitin kula da wutar daji. Mutanen da suka ciro yaronmu 'ya'yan wannan doka ne. Amma ku lura, dokar ba ta mai da su ma'aikatan albashi ba. A 1996 kuma aka kafa NADMO, hukumar kula da bala'o'i, da doka mai lamba 517, ita ma tana da nata ƙungiyoyin sa kai a unguwanni da ƙauyuka.

Ta biyu, ranar 9 ga Mayu 2001, a filin ƙwallo na Ankara, wasan Hearts of Oak da Asante Kotoko. Aka harba barkonon tsohuwa, jama'a suka ruga ƙofa, aka tattake juna. Mutum 126 suka rasu a ƙidayar hukuma, da yawansu samarin Zango ne, har da na Nima da Maamobi. Waɗanda suka ga daren nan sun san a tasi da motocin mutane aka yi ta kwasar jama'a zuwa asibiti. Bayan wannan ne gwamnatin Kufuor ta kafa hukumar motocin ɗaukar marasa lafiya ta ƙasa a 2004. A watan Janairu 2020 gwamnatin Akufo-Addo ta raba sababbin motoci 307, a bisa tsarin kowace mazaɓa ta sami ɗaya. Lambar kiran gaggawa ta bai ɗaya ita ce 112, ban da 191 ta 'yan sanda, 192 ta kwana-kwana, da 193 ta motar asibiti.

Ta uku, ranar 3 ga Yuni 2015. Ruwan sama ya cika kogin Odaw, wanda babbar kwatarmu ta tsakanin Nima da Maamobi ke zuba a cikinsa. Mutane suka fake a wani gidan mai a shataletalen Kwame Nkrumah, mai ya malala a kan ruwa, wuta ta kama. Sama da mutum 150 suka halaka a dare ɗaya. Shekara mai bi mata, 2016, majalisa ta sake dokar NADMO, ta fitar da mai lamba 927, wadda ta kafa asusu na musamman don bala'o'i.

Darasin da ke ciki: hukumomin suna nan, dokokin suna nan. Amma a dukan ranakun nan uku, waɗanda suka fara kai hannu mutanen gari ne, kuma su ne ba su da layi tabbatacce a kasafin kuɗi.

NA UKU: ƘOFOFIN KUƊIN

Ɗan kasuwa ba ya shiga kara bai san ƙofofinta ba. Ga ƙofofin da na sani.

Ƙofa ta ɗaya, kuma babba, ita ce Asusun Bai Ɗaya na majalisun gundumomi, wanda kowa ke ce wa Koman Fan. Tsarin mulkin 1992, a sashe na 252, ya ce a ware abin da bai gaza kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa ba a raba wa gundumomi, kuma a riƙa biya duk wata uku. An kafa shi da doka a 1993. Tun 2018 Nima tana ƙarƙashin asambilin Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma Ayawaso ta Arewa, wato kowace tana da nata rabo da nata shugaba, ba sai an je babban ofishin Ankara ba. A kasafin 2025 gwamnatin Mahama ta ce aƙalla kashi 80 cikin 100 na asusun za a riƙa tura shi kai tsaye ga asambiloli. Shi ma ɗan majalisar mazaɓa yana da ɗan rabo a asusun don ayyukan mazaɓarsa.

Ƙofa ta biyu, kuɗin da asambili ke tarawa da kanta: kuɗin kasuwa, kuɗin tasha, lasin shago, da abin da ake karɓa a kan kowane sa da ya shiga kara ko ya fita. A nan fa mu ba maroƙa ba ne, masu biya ne. Duk rasit ɗin da ka karɓa a Paga, ko Buipe, ko Techiman, ko Tulaku, hujja ce a hannunka. Kowace shekara asambili tana zama ta tsai da farashin waɗannan kuɗaɗe, kuma ana gayyatar ƙungiyoyin 'yan kasuwa. Mu ne ba mu zuwa.

Ƙofa ta uku, NADMO. Dokar 2016 ta sa kashi 3 cikin 100 na rabon kowace gunduma daga Koman Fan a cikin hanyoyin cika asusun bala'o'i. NADMO tana da ofis a kowace gunduma. Abin da aka fi saninta da shi shi ne rabon katifa da shinkafa da kwanon rufi bayan ɓarna ta auku. Amma a doka aikinta ya haɗa da shirya jama'a tun kafin abu ya faru, kuma ta nan ne ƙungiyar sa kai ke shiga.

Ƙofa ta huɗu, Asusun Raya Zango. A 2017 aka kafa ma'aikata ta musamman don Zango da tsofaffin unguwannin birni, Alhaji Boniface Abubakar Saddique ya fara riƙe ta, sannan Dokta Mustapha Abdul-Hamid. Majalisa ta zartar da dokar asusun, mai lamba 964, a 2017, bayan alkawarin zaɓe na zuba dala miliyan 50. An ga filayen ƙwallo na roba da gyaran makarantu da fitilun titi a wasu zangunan. A 2021 aka rushe ma'aikatar. Wannan kaɗai ya isa ya koya mana cewa abin da gwamnati ɗaya ta kafa, ita kanta tana iya sauke shi, balle wadda ta gaje ta.

Ƙofa ta biyar, manyan ayyuka na rance. A 2019 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 200 don aikin GARID na magance ambaliya a kwarin Odaw, kuma Nima tana cikin unguwannin da aka zaɓa, tare da Alogboshie da Akweteyman. A 2023 aka ƙara dala miliyan 150. Irin wannan kuɗi na 'yan kwangila ne da manyan kwatoci, ba a miƙa wa ƙungiyar unguwa a hannu. Amma ana kiran taron jin ra'ayin jama'a, kuma wanda ya je taron shi ke iya cewa a bar lungu kaza da faɗin da gadon ɗaukar mara lafiya zai wuce.

NA HUƊU: ME YA SA BA YA ISOWA?

Dalili na farko, jinkiri daga sama. Sanannen abu ne cewa Koman Fan yakan makara, wani lokaci watanni da yawa. Idan ya zo, bashin 'yan kwangila da na kwashe shara sun riga sun tare hanya. Takalmin ɗan sa kai shi ne na ƙarshe a layi.

Na biyu, gwamnati ba ta san baki ba, takarda ta sani. Mu a kara mutum yakan sayar da shanu goma da musafaha kawai, mai masauki ya tsaya shaida, a biya bayan sati biyu. Akawun gwamnati ba zai iya haka ba, domin mai binciken kuɗi zai tambaye shi wa ya ba, a wace takarda. Ƙungiyar da ba ta da rajista, ba ta da asusun banki, ba ta da littafin taro, ko da mutanenta sun fi kowa aiki, a idon ofis babu ita.

Na uku, abin da ba a rubuta a tsari ba, ba ya shiga kasafi. Kowace asambili tana da tsarin ayyuka na shekara huɗu, daga cikinsa ake ciro na kowace shekara. Dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta wajabta a saurari jama'a wajen shirya shi. Idan ka zo bayan an rufe littafi kana neman abin kashe wuta, za a ce maka babu gurbi, kuma ba ƙarya aka yi maka ba.

Na huɗu, siyasa. Ɗan takara ya fi son abin da za a ɗauki hoto, gini ko mota mai sunansa. Horar da samari ashirin yadda ake tsai da jini ba ya fitowa a allon talla. Mota kuwa idan an kawo ta, sai da mai, da taya, da makanike, da direba. Mu da muke riƙe da tirela mun san sayen mota ba shi ne wahala ba.

NA BIYAR: YADDA WASU SUKA YI

A Jamus, masu kashe gobara na sa kai sun kai wajen miliyan ɗaya, kuma a yawancin ƙauyuka da ƙananan garuruwa su ne kawai kwana-kwana. Ba su da albashi, amma wajibi ne a kan hukumar gari ta saya masu mota da tufafi, ta horar da su, kuma suna da inshora idan sun ji ciwo. Idan aka kira mutum daga wurin aikinsa, ba ya asarar ladan ranar. A Faransa kusan huɗu cikin biyar na masu kashe gobara 'yan sa kai ne, ana ba su ɗan alawus gwargwadon awannin da suka yi. Wato an raba kaya biyu: jama'a su ba da jiki da lokaci, hukuma ta ba da ƙarfe da ilmi da kariya.

A ɗaya gefen kuma akwai Abdul Sattar Edhi na Karachi a Pakistan, wanda ya rasu a 2016. Ya fara da ɗan ɗakin magani da tsohuwar mota guda, ya bar rundunar motocin agaji da ta game ƙasarsa, kuma an san shi da ƙin karɓar kuɗin gwamnati, sai taimakon talakawa. Dalilinsa shi ne kada wani ya mallaki aikin.

Mu wanne ya dace da mu? A ganina tsakiya. Ba mu da hukuma mai ƙarfin Jamus, kuma ba kowa ne Edhi ba. Sai mu kafa gindin da kuɗinmu, yadda ko gwamnati ba ta ba da ko kwabo ba aikin zai tsaya, sannan mu nemi haƙƙinmu a bisa doka don a ɗora a kai.

NA SHIDA: INDA ABIN YA TAƁA ALJIHUNMU

Daga Paga zuwa Tulaku ya fi kilomita 800: Bolga, Walewale, Tamale, Buipe, Kintampo, Techiman, Kumasi, Nkawkaw, sannan Ankara. Galibin tafiyar da dare ake yi don kada rana ta galabaitar da dabba. Yankin Kintampo kaɗai ya ga manyan haɗura biyu, a Fabrairu 2016 da Maris 2019, kowanne ya ci sama da mutum 50. A irin wannan hanya, tsakanin faɗuwar mota da isowar hukuma, ranka da dukiyarka suna hannun ƙauyen da ke kusa.

Sai ruwa. Kusan kowace damina, wajen Agusta zuwa Satumba, ana buɗe madatsar Bagre a Burkina Faso, Farin Volta ya cika ya shanye gonaki da makiyaya a arewa. A Satumba da Oktoba 2023 aka saki ruwan Akosombo, garin Mepe da maƙwabtansa suka nutse, dubban mutane suka bar gidajensu. Sanarwa takan fita a rediyo, amma wa zai kai ta ruga? Sai mai babur ɗan sa kai.

Sai cuta. A watan Yuni 2023, ana saura 'yan makonni Babbar Salla, cutar antaras ta ɓulla a wajen Binduri, irin wadda dabba kan faɗi farat ɗaya jini na fita ta hanci, kuma tana kama mutumin da ya feɗe ko ya ci naman. Hukumar jihar Bolgatanga ta hana zirga-zirga da yanka da sayar da dabbobi na wata ɗaya. Duk wanda ya ɗaure kuɗinsa a ragunan layya a wancan gefen ya san abin da ya ji. Mutum ɗaya a ƙauye da aka koya wa cewa mushen nan ba a feɗe shi, a kira likitan dabbobi, zai iya tsare kasuwar jiha guda. Shi ma ɗan agaji ne.

Ga masu tsallakawa kuma, a tuna cewa tun ranar 29 ga Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso sun fita daga ECOWAS. A Nijar da Burkina masu kashe gobara sojoji ne, lambarsu 18. Duk wanda zai tura yaro da kaya, ya rubuta masa lambobin kowace ƙasa da ta mai masauki a takarda, ba a waya kaɗai ba, don waya takan fashe tare da mota.

NA BAKWAI: MATAKAN DA NAKE BA DA SHAWARA

1. Kowane reshe ya tabbatar yana da rajista a ofishin rajistar kamfanoni a matsayin ƙungiyar da ba ta neman riba, kuma sashen jin daɗin jama'a na asambilinsa ya san da shi. A buɗe asusun banki mai sa hannun mutum uku.

2. A zaɓi samari goma zuwa ashirin masu natsuwa, a haɗa da direbobi da yaran mota da mata biyu ko uku, domin akwai ɗakin da namiji ba zai shiga ba. A rubuta wa ofishin kwana-kwana da NADMO na gunduma da Red Cross ta Gana a nemi horo. Horo ya fi sauƙin samu a kan kuɗi, kuma takardar shaidarsa ita ce za ta buɗe ƙofa ta gaba.

3. Mu fara da namu. Misali kawai: idan reshe yana ganin shanu 200 a mako, aka ɗora sidi 5 a kan kowanne, sidi 1,000 ke nan a mako, 52,000 a shekara. Wannan zai sayi tukwanen kashe wuta, da takalma, da safar hannu, da gadon ɗaukar mara lafiya, da akwatin magani. A karanta lissafi a bainar jama'a duk wata.

4. A kama asambiliman da 'yan kwamitin unguwa, a tambaye su ranar taron kasafi da ranar tsai da kuɗin kasuwa. A je da takarda mai shafi ɗaya: ga mu, ga abin da muka saya da kuɗinmu, ga abin da muke nema, ga farashinsa. A nemi kaya, kada a nemi tsabar kuɗi. Kaya ba sa raba zumunci kamar yadda kuɗi ke yi.

5. A ajiye kwafin kowace wasiƙa da hatimin karɓa. Idan aka yi shiru, dokar 'yancin samun bayani ta 2019, mai lamba 989, ta ba kowa damar tambaya a rubuce nawa ya shigo kuma ina ya tafi, kuma an ba ofis kwana 14 ya ba da amsa. A yi tambayar cikin ladabi, ba faɗa muka je ba.

6. Kada mu manta ƙauyukan hanya. Kowane reshe ya ɗauki ƙauye ɗaya ko biyu a wuraren da mota ta saba faɗuwa, a san shugaban 'yan sa kansu, a karɓi lambarsa, a kai masu takalma da fitila sau ɗaya a shekara. Kuɗin bai kai na karsana ɗaya ba.

NA TAKWAS: GARGAƊI

Abu biyu ke kashe irin wannan ƙungiya. Na farko shi ne ta zama ta jam'iyya. Mun ga abin da ya faru a zaɓen cike gurbi na Ayawaso West Wuogon ranar 31 ga Janairu 2019, nan kusa da mu, wanda ya sa aka yi dokar hana 'yan bangar siyasa mai lamba 999 a wannan shekarar, mai hukuncin ɗauri mai tsawo. An daɗe ana ɗaukar samarin Zango haya don irin wannan aiki, sunan unguwa ya ɓaci, su kuma a watsar da su bayan zaɓe. Rigar agaji ba ta ɗaukar tambarin kowa, kuma ɗan agaji ba ya riƙe makami. Idan ɗan siyasa ya ba da kyauta, a karɓa a gaban jama'a, a rubuta, a yi godiya, shi ke nan.

Na biyu shi ne wariya. Mutanen da suka ciro yaronmu ba su tambaye mu ƙabila ko addini ba. Idan wuta ta kama a Nima, ɗakin Bahaushe da na Frafra da na Ewe bango ɗaya ne ya raba su. A shigar da kowa, a sanar da sarakunan Zango da limamai da shugabannin coci tun daga farko.

TAMBAYOYIN BITA DON TARON RESHE

1. Reshenmu yana da rajista da asusun banki? In babu, wa aka ɗora wa, kuma zuwa yaushe?
2. Wace asambili ce ke karɓar kuɗin kararmu, kuma nawa muka biya ta bara in an tara rasit?
3. Mutum nawa ne a cikinmu suka iya tsai da jini ko amfani da tukunyar kashe wuta?
4. Wane ƙauye ne a hanyarmu za mu fara da shi?

'Yan'uwa, Hausawa sun ce tun kafin a yi daran aka yi kwandi, kuma ba a fafe gora ranar tafiya. Wanda ya amsa tambayoyin nan a reshensu, ya aiko wa sakatare da amsar a rubuce kafin taro mai zuwa, don mu haɗa mu san inda muka tsaya. Inda na yi daidai daga Allah ne, inda na yi kuskure a gyara mini. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya kiyaye mu da dukiyoyinmu daga wuta da ruwa da sharrin hanya, Ya saka wa masu fitowa cikin dare don ceton wanda ba su sani ba.